Robar da Usta Lurwanu Yake Yankawa

A unguwar Ƙurban da ke Madina, idan motar mutum ta fara ƙara ta ƙasa, tana kas-kas a duk ramin da ta taka, ba a tsayawa shawarar inda za a kai ta. Wajen Usta Lurwanu ake nufa, usta kuwa haka ake kiran ƙwararren mai sana'a a can. Warsharsa, wato garejin gyaran mota, tana wani lungu bayan tsohuwar gonar dabino, faɗinta na mota biyu ne kacal, ta uku sai dai ta jira a rana. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, mai rowar magana. Idan ka gaishe shi sau uku, ɗaya zai amsa da baki, sauran biyun ya gyaɗa maka kai. Amma ka tada injin a gabansa, kafin ka gama bayanin abin da ke damunka ya riga ya ɗauko sufana.

A Madina aka haife shi. Mahaifinsa, Malam Ɗan'inna, daga ƙasar Damagaram ya taso a ƙafa, ya yi shekaru a Sudan yana neman guzuri, da ya iso kuma bai koma ba. Sana'ar tsohon ita ce ɗinkin takalma da tsohuwar taya, kuma a gabansa Lurwanu ya koyi riƙon wuƙa tun bai kai shekara goma ba. Da ya girma ya bar takalma ya koma mota, amma wuƙar ta bi shi.

A gaɓoɓin ƙafafun mota akwai wasu ƴan robobi da ake kira bushin, su ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Zafin Madina ba ya raga musu, shekara biyu sun tsattsage. Sauran masu gyara kanti suke aikawa a sayo sabo. Shi Lurwanu tayar babbar mota yake samowa, ya yanko inda ya fi kauri, ya fere, ya huda, ya goge, ya danna ta a gurbinta. Robarsa sai ta shekara shida ba ta yi ko tari ba. Haka ya yi wa motar limamin unguwa, haka ya yi wa motocin masu jigilar alhazai, haka ya yi wa tasa tsohuwar farar Korola ƙirar tamanin da uku. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin wata dabara ba. Shi a wurinsa gyara kenan.

Wasan tseren mota kuwa a shekarar casa'in da bakwai ya shigo rayuwarsa, yana da shekara arba'in da ɗaya, furfura ta fara leƙowa a gemu. Wani injiniya ne mai suna Saif, ɗan gidan ƴan kasuwa, ya dawo daga karatu a waje da ɗan littafin dokoki a aljihu. Ya roƙi wani attajiri aron filin da yake ajiye manyan motocinsa can bayan Al-Ranuna, fili mai kwalta shimfiɗe. Duk safiyar Alhamis a watannin sanyi sai su jera jajayen mazurarai irin waɗanda ake sawa a titi idan ana aiki, su fitar da hanya mai lanƙwasa kamar hanji. Mota ɗaya ce ke shiga a lokaci guda, ana riƙe mata agogo. Ka ture mazurari, a ƙara maka sakan biyu. Ba irin haukan samarin da ke murza taya a kan titi ba ne, nan da hular kwano ake shiga, kuma kafin azahar an watse.

Saif ya raba motocin aji biyu. Akwai ajin wakala, na motar da take yadda ta fito daga gidan sayarwa, ba a ƙara mata komai ba. Akwai kuma ajin gyararru, na waɗanda aka yi wa ƙarin ƙarfi, aka sauke su ƙasa, aka sa musu faffaɗar taya. Shi kenan rabon. Ko motarka ƙarfin doki saba'in gare ta, ko ɗari da sittin, muddin ba ka taɓa ta ba, ajinku ɗaya. Babu wanda ya ga aibin wannan a lokacin, don masu manyan motocin ne suka fi yawa a wurin.

Suhaib ne ya fara kai shi. Malamin makaranta ne, maƙwabcinsa, kuma uban Suhaib da Malam Ɗan'inna a ayari ɗaya suka ƙetaro teku. Lurwanu ya girme shi da shekara goma, ya goya shi yana jariri, don haka Yaya yake ce masa. Suhaib ya jawo shi filin ne don ya duba wa wani birki. Da ya gama, wani saurayi ya dubi Korolar ya ce da zolaya, "Usta, ba za ka ɗan zagaya da kakarmu ba?"

Lurwanu bai yi dariya ba. Ya ari hular kwano, ya shiga, ya zagaya. Babu ƙarar taya, babu hayaƙi, har wasu suka juya suna hira don sun ɗauka yawon buɗe ido yake. Da mai agogo ya faɗi lokacin, sai da aka sa shi ya sake dubawa. Na uku ya zo cikin mutum goma sha ɗaya.

Daga ranar wasan ya kama shi. Mutumin da ba ya zuwa hira, ba ya kallon ƙwallo, sai ga shi tun daren Laraba yana gwada iskar taya. Matarsa Raliya ta sa shi gaba da tsiya. "Abu Sundus, mutum da ƴarsa ta isa aure yana zagaya mazurari? Idan zagayen kake so, ga kasuwa can, ka zagayo mana da tumatir." Ya yi mata kunnen uwar shegu. Da ya kawo kofin ajin wakala a shekarar casa'in da tara, ita ce ta ɗora shi a kan firji inda duk baƙuwar da ta shigo sai ta gani. Shekarar da ta biyo ya sake kawo wani.

Ba kofin ne ya dame shi ba, gaskiya. Shekara talatin yana kwance ƙarƙashin motocin mutane, ana miƙo masa mabuɗi daga sama ba a ko duban fuskarsa. A filin nan ne kawai injiniya da ɗan attajiri suke tsayawa su yi shiru su kalli yadda yake shiga kwana. Yana son wannan, yana sonsa ƙwarai, ko da yake da za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Cikin motoci tara da ke ajin wakala, huɗu ban da tasa suna ɗauke da robarsa. Masu su abokan cinikinsa ne tun kafin a san da wasan. Motar ta yi ƙara, sun kawo, ya yanka ya sa. Ɗaya daga cikinsu ta Suhaib ce, wanda a lokacin ya zama na uku a kwamitin kulob ɗin, tare da Saif da wani likitan haƙori.

A ƙarshen kakar shekara ta dubu biyu da biyu, saura wasa biyu a rufe, wani yaro mai jini a jika da ake kira Usama ya zo da sabuwar mota ko ledar kujera ba a gama cire mata ba. Lurwanu ya wuce shi da rabin sakan. Usama ya cire hular kwano ya buga ta a kan bonet, ya ce tsohuwar gwangwani ba za ta shiga kwana haka ba ta karkata ba sai da wani abu a ƙasa. Ya rubuta ƙara a bayan takardar lokaci ya miƙa wa kwamiti.

Lurwanu da kansa ya kafa jak ya ɗaga motar, don bai ga abin ɓoyewa ba. Saif ya shimfiɗa kwali, ya tattare farar rigarsa, ya kwanta da tocila. Ya daɗe a ciki. Da ya fito, da ɗan zaren taya a tsakanin yatsunsa.

"Usta, wannan ba bushin ɗin kamfani ba ne."

"Roba ce," in ji Lurwanu.

"Ta fi ta kamfani tauri. Shi ya sa motar ba ta kwanciya a kwana. Littafi ya ce duk wanda ya canza bushin da mai tauri ya fita daga ajin wakala."

A nan dole a yi wa Saif adalci: ba ƙarya ya yi ba. Robar taya ta fi tauri, kuma tana taimakon mota a kwana. Lurwanu ma ya san haka a hannunsa, bai dai taɓa tsayawa ya kira abin da suna ba. Abin da ya tsaya masa a wuya daban ne, kuma ranar ya yi maganar da ta fi duk wadda aka taɓa ji daga bakinsa tsawo.

"Motar nan shekararta goma sha tara. Na sa mata robar nan tun kafin ka tafi karatu, don ta kai ƴaƴana makaranta. Doki saba'in gare ta. Ta wancan yaron ɗari da sittin. Shi da ya sayo ƙarfinsa a haɗe daga wakala, ba a ce ya yi ƙari ba. Ni da na yanki tsohuwar taya don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, ni ne mai ƙari?"

Saif ya ce ya fahimta, wallahi ya fahimta, amma ba shi ya rubuta littafin ba. Sannan ya jefo tambaya. "Akwai wata motar a ajin nan da ka yi wa irin wannan aikin?"

Ga su nan a tsaye, su huɗu, kowa ya san kansa. Ɗaya ya duƙa yana gyara igiyar takalmi. Ɗaya ya tuna yana da ƙishirwa ya nufi motarsa. Da Lurwanu ya buɗe baki ya ambaci sunaye, da magana ta ƙare, don kwamiti ba zai kori rabin aji ba, dole a zauna a sake duba dokar. Amma a warshar da ya tashi, mai gyara ba ya faɗin abin da ya gani a ƙarƙashin motar wani, kamar yadda mai wankan gawa ba ya fitowa da labari. Mai mota ne ke da bakin magana a kan motarsa. Don haka ya ce, "Ku tambayi masu motocin."

Ya juya ya dubi Suhaib, ya sassauta murya, ya yi masa Hausa, wadda Saif da likitan ba sa ji. "Suhaib, ba za ka ce komai ba?"

Suhaib bai dube shi ba. Da Larabci ya amsa, da ƙarfi yadda kowa zai ji, cewa doka doka ce, kuma ba zai so a ce ya tsaya wa mutum don maƙwabtaka ba. Hannu uku suka tashi. Aka soke makin Lurwanu na shekarar gaba ɗaya, aka mayar da Korolar ajin gyararru. Babu wanda ya tambayi masu motocin komai.

Wani mai zuciya da ya tattara ya bar musu filinsu. Lurwanu taurin kai gare shi irin na shiru-shiru. Ya zo sauran wasannin biyu, ya shiga layi da motocin da ke ruri kamar za su tsaga kwalta, ya zo na ƙarshe duka biyun. Aka tafa masa irin tafin da ake yi wa tsoho idan ya haye matakala, kuma wannan tafin ya fi masa zagi ciwo. Raliya ta ce, "Wallahi da ni ce da na tona su ɗaya bayan ɗaya, har da lambar mota." Ya ce mata ba a haka. Ta ce to shi da ake yi wa hakan fa? Ya tashi ya fita salla.

Duk tsawon bazarar nan abu ɗaya ya sa a gaba: ya koma ajinsa ta ƙofar da suka ce ita ce ƙofa. Bushin ɗin kamfani na motar da ta tsufa haka ya yi wuya a Madina. Ya bi kantuna, ya bi wuraren da ake farfasa tsofaffin motoci, sai ruɓaɓɓu yake samu. Ƙarshe ya rufe warsha kwana biyu, abin da bai yi ba ko ranar da aka haifi Sundus, ya hau mota zuwa Jidda. A wani kanti mai ƙura ya same su cikin kwalinsu, da lambar kamfani a jiki. Ya dawo ya ciro nasa da hannunsa, robar da ko tsagewa ba ta yi ba, ya jefa a kwandon shara, ya danna na kanti. Da ya fita gwaji motar ta riƙa kwanciya a kwana tana lilo. Ya yi tsaki, ya fara koyon tuƙa ta daga farko. Kullum bayan asuba sai ya je wani fili da babu kowa, ya jera gwangwanayen mai, ya yi ta zagaye har rana ta fara zafi.

Saura kwana goma a buɗe sabuwar kaka, farkon Sha'aban, sai ga Suhaib a warsha da hantsi, da burodin tamis mai zafi da kwanon wake. Rabonsa da wurin tun ranar ƙarar. A masallacin Ƙuba sukan haɗu, su yi musabaha, kowa ya kama gabansa. Ya zauna a kan benci ya yi ta kame-kame, ya tambayi Raliya, ya tambayi yara, sannan ya zo kan magana.

"Yaya, ka yafe ni. Ranar nan an matsa mini ne, ka san halin lajna, kwamitin nan namu. Amma bana halas, magana ta ƙare, tunda ka canza robarka, ba wanda ya isa ya hana ka ajinka. Ni zan tsaya maka."

Lurwanu ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, kuma har ransa ya faɗa. Ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, don gabar ta fi damunsa fiye da yadda ya nuna.

Sai Suhaib ya ce, af, motarsa ma tana ɗan ƙara ta hagu. Lurwanu ya leƙa. Ɗaya daga cikin robobin da ya sa mata shekara bakwai da suka wuce ta gaji. Ya ce a sayo na kanti, tunda yanzu ana dubawa.

Suhaib ya sosa ƙeya. "Na kanti ba ya riƙe ta kamar naka, Yaya. Ka yanka mini ɗaya. Bas, kawai ka ɗan goge bakin sosai, kada zaren ya fito."

Nan ne ya kamata Lurwanu ya miƙa masa mabuɗinsa da kwanon wakensa ya nuna masa hanya. Bai yi ba, kuma wannan wautar tasa ce, babu wanda za a ɗora wa. Yaron da ya goya ne, ya zo har gida ya ba da haƙuri, kuma shi bai taɓa mayar da motar maƙwabci ba. Ya ɗauko wuƙa. Ya fere robar, ya goge ta da takarda mai laushi, ya bi sauran ukun ma ya share musu baki, har sai da suka yi sumul, shi kansa sai ya shafa da yatsa kafin ya gane aikinsa ne.

Ranar Alhamis ya riga kowa isa filin. Ya wanke Korolar, ya sa sabuwar riga. Da aka fara duba motoci shi ya fara kafa jak. Saif ya kwanta da tocilarsa, ya fito yana murmushi, ya ce ma sha Allah, komai na kamfani ne, har lambar ana gani. Sai murmushin ya ɗan dushe. Ya ce, "Usta, ba ka ga takardar da aka manna ba? Na ɗauka an sanar da kai."

Takardar tana jikin motar da suke ajiye mazurarai, an manna ta da salatif. Layi huɗu ne. Saboda abin da ya faru bara, kuma tunda ba a iya tabbatar da asalin kayan tsohuwar mota, daga bana duk motar da ta haura shekara goma ba za ta shiga ajin wakala ba. Lurwanu ya waiwaya ya bi layin motocin da kallo, ɗaya bayan ɗaya, don ya san shekarun kowace. Tasa ce kaɗai ta haura goma. Ta Suhaib tara gare ta.

Ya mayar da idonsa ƙasan takardar. Sa hannu uku ne, na ƙarshe na Suhaib, da irin lanƙwasar nan tasa ta malaman makaranta. A gefe an rubuta kwanan wata: goma ga Rajab. Lurwanu ba mai saurin lissafi ba ne, sai da ya ƙirga a yatsu. Sati uku cur kafin Suhaib ya shigo warsha da tamis da wake.

Bai yi faɗa ba. Ya sauke jak, ya naɗe kwalin, ya sa a but. Yana cikin haka aka kira Suhaib, Saif ya leƙa ƙarƙashin motarsa da tocila, ya fito ya ɗaga masa hannu ya wuce. Lurwanu ya tsaya riƙe da murfin but ya kalli zagayen har ƙarshe. Motar ta shiga kwanar farko a miƙe, ta shiga ta biyu, ko kaɗan ba ta karkata ba. Mutane suka yi ta tafi, wani kusa da shi ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka gani, Usta? Wannan ita ce motar wakala."

"Na gani," in ji Lurwanu.

Ya rufe but ɗin, ya ajiye hular kwanon da aka ara masa a kan tebur, ya tada mota. Korolar ta fita daga filin tana lilo a kan robar kanti, kuma bai sake komawa ba.